Tsarabar Matafiyi

Alhamdu lillahi, Allah ya sake nuna mana wata safiyar muna raye.

An idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, amma a bakin titin Moriki motoci sun riga sun fara lodi. Wasu za su yi kudu, Ƙaura Namoda da Gusau. Wasu arewa suka dosa, Shinkafi, balle in Alhamis ce, ranar da kasuwa ke ci. Sammako tsohuwar ɗabi'armu ce, kuma tana da tushe. Sahabi Sakhru al-Gamidi ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Shi kuwa Sakhru ɗan kasuwa ne, sai ya riƙa tura hajarsa tun farkon yini, har dukiyarsa ta bunƙasa. Ka'abu ɗan Maliku kuma ya shaida mana cewa Annabi yana son fita tafiya ranar Alhamis.

Ɗan uwa, ka lura da abin da ake faɗa wa matafiyi in zai bar gida. Tsohuwa ta ce masa, "Allah shi kiyaye hanya, shi maido muna kai lahiya." Yara kuwa suka biyo shi har ƙofar zaure suna cewa, "Baba, a yo muna tsaraba!" Muna ɗaukar ta farko addu'a, ta biyu kwaɗayin yara. Ni a wurina duka biyun addu'a ce. Yaron da ya ce a yo masa tsaraba ya riga ya sa a ransa cewa ubansa zai dawo, ko shakka ba ya yi. A ƙasarmu ta yau, inda mutum ke fita da safe iyalinsa su wuni riƙe da waya suna jiran kira, irin wannan yaƙini na yaro abu ne da ya kamata babba ya tsaya ya koya.

Akwai wata irin tafiya da ba mu saba da ita ba, ko da yake a nahiyarmu ake yin ta. Mutum ne zai taso daga Turai ko Amurka ko Japan, shi kaɗai da jakarsa a baya, ya sauka Nairobi, ya shiga babbar motar da aka ƙera don dogon zango tare da baƙin da bai taɓa gani ba. Su ratsa Kenya da Tanzaniya, wasu har Zambiya da Afirka ta Kudu, suna kwana cikin tanti, suna dafa abincinsu a gefen hanya. Ba fatauci ya kawo shi ba, ba neman ilimi wurin wani malami ba, ba kuma ziyarar dangi ba. Kallo ya zo yi. Yana son ya ga zaki kwance a inuwa, ya ga giwa da 'ya'yanta, ya ga dabbobin nan dangin gwanki, fiye da miliyan guda, da ke ƙaura kowace shekara tsakanin dajin Sarangeti da na Masai Mara, suna faɗawa kogin Mara kadoji na jiransu. Mu ma muna da irin wannan wurin. Yankari ta jihar Bauchi an keɓe ta tun 1956, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962, da giwayenta da ruwan ɗumi na Wikki. A Nijar kuma ga raƙuman dawa na Kure, ba nisa da Yamai.

In tafiyar ta zo ƙarshe sai ya shiga kasuwar masu sana'ar hannu. Ya sayi duwatsun wuya na matan Masai, da jan mayafinsu, da giwar itace da wani masassaƙi ya wuni yana gogewa, da 'yar ganga. Wani abu ya ba abokai, amma mafi yawa nasa ne. Zai jera su a ɗakinsa don duk sa'ad da ya ɗaga ido ya tuna cewa ya taɓa zuwa.

Ban ga laifin kallon ba. Alƙur'ani a wurare da yawa ya umurci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba, kuma a Suratul Gashiya Allah ya jawo hankalinmu ga halittar raƙumi da sama da duwatsu da shimfiɗar ƙasa. Wanda ya ga giwa ya ce subhanallahi da gaske, ya yi ibada. Sai dai son riƙe wani abu a hannu ya taɓa zama bala'i ga dabbobin da ake zuwa kallo. Don awarwaro da 'yan gumakan ado na haure aka karkashe giwayen Afirka, har ta kai a 1989 ƙasashen duniya suka hana cinikin haure tsakaninsu, kuma a shekarar shugaban Kenya Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na haure wuta a Nairobi kowa yana gani. Mu nan namu dazuzzukan wata hanyar suka bi suka fita hannunmu. Tsofaffin maharba suna ba da labarin barewa da gada da kura a dajin Dumburum da na Sububu, Kuyambana kuwa gandun namun daji ce ta hukuma. Yau in an ambaci waɗannan sunaye ba dabba ke zuwa ran mutum ba.

Baƙi masu tafiya su kaɗai sun taɓa ratsa wannan ƙasa tamu, tun kafin a yi mota. Hugh Clapperton, wanda aka sani da Abdullahi, abokin tafiyarsa likita Oudney ya mutu kusa da Katagum, shi kuma ya ƙarasa Sakkwato a 1824 ba wani Bature tare da shi, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma ya bi ta Zurmi. Bayansa sai Heinrich Barth, Bajamushe, mai kiran kansa Abdulkarimu. Shi ma abokansa biyu, Richardson da Overweg, duk sun mutu sun bar shi. A 1853 ya taso daga Katsina ya biyo ta Zurmi da Badarawa da Isa, ya faɗa dajin Gundumi, inda ayarinsu ya yi tafiyar yini da kwana kusan ba tsayawa don tsoron mahara, kafin ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Dajin Gundumin nan dai da direbobin Isa ke ambata yau da fargaba. Tsoron hanya a wannan yanki ya girme mu, kuma waɗanda suka riga mu sun ga lokacin da ya tafi. Allah mai iko ne ya sake kawar da shi.

Abdulkarimu ya yi sayayya a Katsina, riguna da turkudi, amma don ya riƙa yin gaisuwa da biyan buƙata a hanyar Tumbuktu ne. Abin da ya kai gida mai daraja ba a kasuwa ya same shi ba. A Gwandu wani malami ya ara masa littafin Tarihus Sudan, ya zauna kwanaki yana kwafar abin da zai iya, daga nan Turai ta san labarin daular Sangai daga alƙalamin 'yan ƙasa. Clapperton kuwa ya koma da taswirar ƙasa da wani yanki na rubutun Sarkin Musulmi Bello. Abin alfahari ne a gare mu cewa baƙon da ya ratsa ƙasar kakanninmu, abin da ya ga ya fi cancanta ya ɗauka shi ne iliminsu. Tambayar da ke damuna ita ce, baƙon da ya kwana a garinmu yau, me zai ɗauka ya kai wa mutanensa game da mu?

Namu matafiyan ba su cika tafiya ɗaiɗai ba. Fataken goro na dā da ke zuwa Gwanja, can Salaga ta arewacin Gana ta yau, ayari suke yi, da madugu da jagaba, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni kafin su dawo da huhunan goro, suna kwancewa a zango suna yayyafa masa ruwa suna tsince wanda ya lalace. Wannan tsari ya dace da koyarwar Annabi. Ya ce in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu, kuma Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito gargaɗinsa a kan mutum ya yi tafiyar dare shi kaɗai. Mahajjatan dā ma haka, a ƙasa suke tafiya ta Barno da Wadai da Darfur har Suwakin, su ƙetare Bahar Maliya. Wani ya yi shekaru yana tsayawa yana ƙodago don ya sami guzurin gaba, wani ya zauna Sudan har abada, jikokinsa suna can. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, ya zama nan ne ƙarshen dogo, gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa gangarawa kudu, kayan kanti suna haurowa, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Abubuwa da yawa sun canja, jirgin ma ya daɗe da daina zuwa, amma Bahaushe bai daina jin nauyin shiga gida hannu rabbana ba.

Ka tsaya a tashar Ƙaura da la'asar ka ga ɗan cirani da ya kwana a mota daga kudu, saura mota ɗaya ya isa gida. Idanunsa sun yi ja, ƙafafunsa sun kumbura, bai ci komai ba tun safe. Amma kafin ya nemi abin da zai sa a bakinsa, sai ka ga ya tsaya gaban mai burodi, leɓɓansa suna motsi, yana naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Lissafin mutane yake yi. Inna, ba ta da haƙora, burodi mai laushi da 'yar madara. Uwargida sabulu da turmin atamfa da ya riga ya saya can. Yara alewa da biskit, kuma dole ya zama kowa ya samu daidai, in ba haka ba murna ta koma kuka. Baffa goro, fari, manya. Ya ɗaure leda, ya taka kamar sau uku, sai ya tsaya cak, ya dawo ya ce, "Ƙaro mani guda." Ya tuna da 'ya'yan ƙanensa marigayi da ke sashen baya, waɗanda za su fito su tsaya daga nesa suna kallo, ba za su ce komai ba.

Wannan mutumin shi kaɗai ya yi tafiyarsa, ba wanda ya sani a motar, amma gidansu duka yana cikin ransa tun daga inda ya taso. Burodin da zai miƙa wa tsohuwa ana sayar da irinsa a Moriki, ita ma ta sani. Abin da ke sa ta sa masa albarka har muryarta ta yi rawa shi ne ta tabbata cewa a can nesa, cikin gajiya da hayaniya, inda ba mai ganinsa balle ya tuna masa, ya tuna da ita. Annabi ya kwaɗaitar da mu yi wa juna kyauta domin ƙauna ta shiga tsakaninmu, ya kuma gargaɗi mata kada maƙwabciya ta raina abin da za ta aika wa maƙwabciyarta ko da ƙofaton akuya ne. Saboda haka kada ƙanƙantar abin hannunka ta hana ka, kada kuma ka tsaya ga waɗanda za su tambaya. A kowane gida akwai wanda ba ya tambaya: marayan da ke riƙo, bazawarar da ta dawo gaban iyaye, almajirin da ke yi muku aike, da 'yan gudun hijirar da aka ba aron ɗaki tun da aka tashi ƙauyensu. Tsarabar da ta isa hannun waɗannan ita ce ta fi nisa da riya, domin ba za su iya rama maka ba.

Sai kuma ciniki. Taya da albarka al'adarmu ce, ba aibu a ciki. Amma akwai halin da nake gani yana ɓata mani rai. Mutum zai shiga babban kanti a birni, ya biya abin da aka rubuta a jikin kaya ko tari bai yi ba, sannan ya zo kan tsohuwa mai tallan ƙuliƙuli a bakin tasha, ko baduku da ya kwana uku yana ɗinkin jaka guda, ya matse su har sai sun sallama a kan faɗuwa, ya kuma nemi gyara. Ya tafi yana jin daɗin ya iya ciniki, alhali abincin daren wasu ya rage. Mai yawon buɗe ido da ke jayayya da mai sassaƙa a kan abin da bai kai kuɗin shayinsa ba a can ƙasarsu, da alhajin garinmu da ke yi wa mai tallan dakuwa haka, halinsu ɗaya. Manzon Allah ya roƙi rahama ga mutum mai sauƙin hali in zai sayar, da in zai saya, da in zai karɓi bashi. Wa zai ƙi shiga wannan addu'ar saboda 'yan canji?

Mai sayarwa shi ma yana da nasa. Da ya ji harshen mutum ya gane baƙo ne, sai kuɗin kaya ya ninka. Ana kiran wannan wayo, ni kuwa cin amana nake ganinsa. Allah ya sanya ɗan hanya cikin mutane takwas da ake ba zakka, a Suratut Tauba, ko da mawadaci ne a garinsu in guzuri ya yanke masa. Wanda aka ce a ba shi, ta yaya za a mai da shi abin yanka? Mutanen Madyana, al'ummar Annabi Shu'aibu, tauye mudu da ma'auni yana cikin abin da ya halaka su. Iyayenmu suka ce baƙonka annabinka.

Yanzu ka zo mu zauna da Suratu Yusuf, domin duk abin da nake son faɗa yana can.

Sau biyu 'ya'yan Annabi Yaƙubu suka dawo wa mahaifinsu da riga daga tafiya. Ta farko, sun fita da ƙaninsu Yusufu da sunan kiwo da wasa, suka jefa shi rijiya, suka dawo da dare suna kuka, ɗauke da rigarsa da suka shafa wa jinin ƙarya. Tsohon ya karɓa, ya gane abin da zukatansu suka ƙulla, ya zaɓi kyakkyawan haƙuri. Wannan abin da suka kawo gida ya zauna a gidan shekaru masu yawa, har idanun mahaifinsu suka yi fari don baƙin ciki.

Ta biyu kuwa daga Masar ta fito. A lokacin Yusufu shi ne mai kula da taskokin ƙasar, da ya so da ya cika raƙuma da zinariya da tufafin sarauta ya aika wa mahaifinsa. Rigarsa ya ba su, ya ce su jefa ta a fuskar tsohon. Ayari yana barin Masar, Yaƙubu da ke can nesa ya ce wa na kusa da shi yana jin ƙanshin Yusufu, suka ɗauka tsohuwar ruɗewarsa ce ta motsa. Da mai bushara ya iso ya jefa masa rigar, ganinsa ya dawo. Ba don tsadar zarenta ba. Rigar ta zo da labarin da ya yi shekaru yana jira, cewa ɗansa yana raye, bai manta da shi ba, yana kuma kiransa ya zo.

'Yan gida ɗaya ne suka ɗauko rigunan nan biyu, zuwa ga uba ɗaya. A nan ne nake so kowannenmu ya binciki kansa da safen nan, tun kafin ya fita, domin kowa matafiyi ne da zarar ya bar ƙofar gidansa, ko gona za shi, ko kasuwa, ko ofis. Da yamma zai dawo da wani abu a hannu. Daga ina ya fito?

Ba zan kewaya ba, domin duk mun san halin da muke ciki. Masu ɗauke da bindiga a daji ba su san wanda ya sayar da sa jiya ba sai an faɗa musu. Ba su san motar da ta ɗauko 'yan kasuwa ba sai wani ya kira su. Shanun da aka kora daga garken wani ba sa ɓacewa cikin iska, akwai mai saye da araha yana sane, akwai dillalin da ya karɓi la'ada ya kau da kai. Irin wannan mutumin shi ma yakan tsaya a tasha ya sayi burodi da tsire, 'ya'yansa su tarye shi da murna, matarsa ta ce Allah ya ƙara buɗi. Ledar da ke hannunsa rigar nan ce ta farko, mai jini, ko da ba wanda ya gani. Abu Huraira ya ruwaito, a cikin Sahihu Muslim, yadda Annabi ya siffanta wani mutum da ya yi doguwar tafiya, gashinsa a hargitse, jikinsa duk ƙura, ya ɗaga hannuwa sama yana kiran Ubangijinsa, alhali cinsa da shansa da tufafinsa duk na haram ne, ya ce ta ina za a amsa masa? Ka duba fa, matafiyi ne, wanda aka ce addu'arsa karɓaɓɓiya ce. Haram ta rufe masa ƙofar da tafiya ta buɗe masa.

In kana cikin wannan, ɗan uwa, ban zo don in tona ka ba. Ka tuna cewa waɗanda suka kawo rigar farko su ne daga baya suka roƙi mahaifinsu ya nema musu gafara, suka amsa laifinsu da bakinsu. Yusufu ya yafe musu, Yaƙubu ya yi alkawarin roƙa musu gafarar Ubangijinsa. Ƙofar tana buɗe yau da safe. Sai dai haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai an mayar da abin da za a iya mayarwa, an kuma daina.

Akwai wasu kuma da matsalarsu daban ce, kuma tausayinsu nake ji ƙwarai. Samarinmu ne da ke Legas da Fatakwal da Abuja, da ramukan haƙar zinariya, da waɗanda suka ƙetara Agadas suka yi arewa. Wani ya shekara uku bai zo gida ba. Ba ya rasa kuɗin mota, abin da ya rasa shi ne abin da zai shiga da shi a ce ya dawo daga nema. Kunya ta riƙe shi, yana cewa sai baɗi in abubuwa sun gyaru, har wata rana a kira shi a ce ya zo an yi rasuwa. Ya iso bayan an binne mahaifiyarsa, da atamfar da ya daɗe yana tara kuɗinta. Manzon Allah ya bayyana tafiya da cewa wani yanki ce na azaba, tana hana mutum cinsa da shansa da barcinsa, ya kuma yi umurni da in mutum ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Ɗana, in wannan magana ta iske ka, ka zo gida. Mahaifiyarka fuskarka take son gani. Zumunci a ƙafa yake.

Mu da ke gida kuma muna da hannu a wannan kunyar. Mu ne muke duban ledar mutum kafin mu dubi fuskarsa. Mu ne muke cewa ɗan gidan wane ya dawo da babur. Haka muke yi wa alhazai. Bawan Allah ya sayar da gona ya tafi sauke farali, maimakon ya cika kwanakinsa da ɗawafi da karatu, sai ya ɓata rabinsu a kasuwannin Makka da Madina yana lissafin hula da carbi da darduma, yana tsoron bakin mutane. Da yawa daga cikin kayan nan a ƙasar Sin aka yi su, har wasu alhazan sun gane, sai sun sauka su sayi tsarabarsu a Kano. Kurɓin zamzam da ƙwayar dabino da addu'ar da ya yi maka a Arfa sun ishe ka, ka sauƙaƙa masa. Abdullahi ɗan Ja'afar ya ba da labari cewa in Annabi ya dawo daga tafiya akan fita da yaran gidansa su tarye shi, kuma wata rana shi aka fara kai wa, ya ɗauke shi ya zaunar da shi gabansa a kan abin hawa, aka kawo ɗaya daga cikin 'ya'yan Nana Faɗima ya goya shi a baya, suka shiga Madina su uku. Har ya girma wannan ɗaukar ce yake tunawa yana ba da labarinta. Kuma al'adar Annabi ce in ya dawo ya fara da masallaci ya yi raka'a biyu, sunnar da da yawanmu muka bari, alhali mu ne muka fi kowa sanin cewa sauka lafiya ba iyawar direba ba ce.

Mun gani da idonmu. A 2021 an rufe kasuwannin mako a Zamfara, aka katse layukan waya, mutum ya yi tafiya ba ya iya sanar da gida ya sauka. Mun kuma ga waɗanda suka dawo daga hannun masu garkuwa, ba takalmi, ba hula, rigar da aka kama su da ita ta zama tsumma. Ba wanda ya tambaye su abin da suka kawo. Unguwa duka ta fito, mata suna guɗa suna kuka, maza suna kabbara. Me zai hana mu yi wa wanda ya dawo daga cirani hannu wofi ko da rabin wannan maraba?

A Suratu Kuraish Allah ya tuna wa mutanen Makka ni'imar fataucinsu na hunturu da na bazara, ya kira su su bauta wa Ubangijin Ɗakin, wanda ya ciyar da su bayan yunwa, ya kuma amintar da su bayan tsoro. Abinci da aminci, su ne biyun da ƙasarmu ke nema yau, kuma a hannun Mai bayarwa ɗaya suke. Mu ɗaga hannu.

Ya Allah, ga bayinka nan sun fito nema. Ka tsare wanda ya hau hanyar Ƙaura, da wanda ya nufi Shinkafi, da mai zuwa Zurmi, da manomin da zai shiga gonarsa ta bakin daji. Ka tsare direbobinmu da yaran motarsu, da jami'an da ke kwana a hanya dominmu. Wanda ke tafiya shi kaɗai a ƙasar da ba a jin harshensa, namu ne ko baƙo, ka haɗa shi da mutanen kirki. Ka sa abin da za mu shiga da shi gidajenmu yau ya zama halal, ko da kaɗan ne, ka sanya masa albarka. Wanda hannunsa ya taɓa haƙƙin wani, ka ba shi ƙarfin zuciyar da zai mayar. Ka sanyaya zukatan iyayen da 'ya'yansu suka daɗe a nesa. 'Yan uwanmu da suka wayi gari a ɗaure cikin daji, maza da mata da ƙananan yara, ka san sunan kowannensu da inda yake, ya Allah ka kwance su ka maido su ga iyalansu, kamar yadda ka mayar wa Yaƙubu da ɗansa. Amin.